Sunayen zawo da ƙwayoyin da ke haddasa shi ga yara: nazari a kan hausar Ƙonni, Malbaza da Illela

1. Gabatarwa

A cikin wannan ƴar maƙala muna so mu duba wani fanni na keɓaɓɓun kalmomin kiwon lafiya, wato kalmomin da suka shafi zawon ƙananan yara da ƙwayoyin cutar da ke kawo shi. Mun ɗauki gundumomi uku na jihar Tawa: Ƙonni, Malbaza (wadda aka cire daga Ƙonni a 2011) da Illela. Dalilinmu biyu ne. Na farko, hausar yankin tana cikin karin harshen yamma, maƙwabciyar hausar Adar da Bernard Caron ya bayyana a littafinsa na 1991, alhali galibin saƙonnin lafiya da ake bugawa da hausar Kano ake rubuta su, ko kuma fassara ce kai tsaye daga faransanci. Na biyu, yanki ne na ruwa da kasuwanci da iyaka: ga ƙoramar Magiya, ga madatsun ruwa na Mozage da Zango da ke shayar da gonakin rani na Ƙonni, ga fadamun albasa na Galmi, ga zirga-zirga dare da rana tsakanin Ƙonni da ƙasar Sakkwato. Duk inda mutane da dabbobi suka yi tarayya a kan ruwa ɗaya, ƙwayoyin zawo sun sami hanya.

Batun ba ƙarami ba ne. A farkon shekarun 1980 an ƙiyasta zawo yana kashe yara ƴan ƙasa da shekara 5 kimanin miliyan 4 da dubu 600 kowace shekara a ƙasashe masu tasowa. Ƙididdigar da Hukumar lafiya ta duniya (OMS) ta bayar a 2024 ta sauko zuwa dubu 440 da ƴan kai. An sami ci gaba mai yawa, amma ragowar ta fi taruwa a Afirka kudu da Sahara da kudancin Asiya. Abin da muke son nunawa shi ne, sunan da uwa ta ba ciwon ɗanta yana daga cikin abubuwan da ke yanke mata shawara: ta tafi likita yau, ko ta jira.

2. Abin da likitanci ke kira zawo

A ma'anar OMS, ana cewa yaro yana zawo idan ya yi bayan gida mai ruwa-ruwa sau uku ko fiye a cikin yini da kwana ɗaya. Kashin jariri mai shan nono zalla, wanda dama yake da laushi, ba ya cikin wannan lissafi. Likitanci ya kasa zawo gida uku:

a) zawo mai ruwa, mai zuwa farat ɗaya, na ƴan awoyi ko ƴan kwanaki; kwalara tana cikin wannan kaso;
b) zawo mai jini, wanda faransanci ke kira dysenterie;
c) zawo mai daɗewa, wanda ya kai kwana 14 ko ya wuce.

Wannan rabo an gina shi ne a kan abin da ido ke gani da kuma tsawon lokaci, domin su ne ma'aikacin ƙaramar likita ta karkara ke iya aunawa ba tare da ɗakin gwaji ba. Kowane kaso kuma da haɗarinsa: na farko yana kisa ta hanyar ƙarar da ruwan jiki, na biyu ta hanyar ɓata hanji, na uku ta hanyar tamowa.

3. Kalmomin da harshe ya tanada

Hausa ba ta rasa kalmomi a nan ba. Zawo (da sigarsa zawayi) ita aka fi ji a yankin da muke magana. Gudawa ta fi yawa a rubuce-rubucen Najeriya, kuma kusa da ita akwai gudun dawa, sakaya wadda ma'anarta a fili take: mai ciwon yana ta gudu zuwa dawa. Atuni, wasu su ce atini, shi ne zawo mai jini da majina da murɗar ciki, ya kuma yi daidai da kaso na biyu na likitoci. Kwalara tana da sunan aro da kuma sunan siffantawa, amai da zawo ko amai da gudawa. Kaso na uku ne ba shi da suna nasa na kansa. Yaron da zawo ya daɗe gare shi akan fi kiran ciwonsa da abin da ya biyo baya, wato tamowa, ko da wani suna na gargajiya irin ɗankanoma, wanda ake dangantawa da dubura.

Akwai kuma zahi. Ta fuskar furuci ba wata kalma ba ce illa zafi, tun da a karin yamma /f/ tana fitowa [h] kafin wasalin /i/, kamar yadda take fitowa [hw] kafin /a/ (hwara, hwaɗi). Ta fuskar ma'ana kuwa ta zarce ɗumin jiki: suna ne na wani ciwo da ake ɗauka yana zaune cikin cikin kowa, ya kwanta, ya tashi, kuma zawo ɗaya ne daga cikin hanyoyin fitarsa. Masana halayyar al'umma sun yi nazarin irin waɗannan sunaye, musamman a littafin da Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan suka shirya a 1999. Abin lura gare mu shi ne, wanda ya ɗauki zawo a matsayin fitar zahi yana iya ganin sa kamar wankin ciki, abin da bai kamata a yi gaggawar damuwa da shi ba.

Inda hausa ke da giɓi shi ne wajen sunayen masu haddasa ciwon. Kalma ɗaya ce, ƙwayar cuta, ke ɗauke da abin da faransanci ya raba uku: virus, bactérie, parasite. Kalmar kanta ba ta rasa ruɗani ba. Ƙwaya tana nufin tsabar hatsi, tana nufin magani na haɗiya, har da abin maye. Cuta kuma tana nufin rashin lafiya, tana nufin zalunci (ya cuce ni). A nan za mu rubuta birus, bakteriya da parazit, bisa lafazin da mai karatu a Nijar ya saba ji. A Najeriya bairas ake rubutawa saboda tasirin ingilishi.

4. Ƙwayoyin da ke haddasa zawon yara

Daga 2007 zuwa 2011 an gudanar da babban binciken da aka sani da GEMS a wurare bakwai na Afirka da Asiya, ciki har da Bamako a Mali da Basse a Gambiya. Sakamakon da ya fito a 2013 ya nuna ƙwayoyi huɗu ne ke da alhakin mafi yawan zawo mai tsanani ga yara: rotabirus, Cryptosporidium, wani jinsin Escherichia coli mai fitar da dafi, da Shigella. Dukkansu hanyarsu ɗaya: daga kashi zuwa baki, ta ruwan sha, ta hannu, ta abinci, ta ƙuda, ta ƙasar da yaro ke rarrafe a kai.

4.1. Birus

Ruth Bishop da abokan aikinta suka gano rotabirus a Melbon ta Ostireliya a 1973. Sunan daga latinanci yake, rota, wato ƙafar keke, don haka siffarsa take a madubin ƙara girma mai aiki da lantarki. Yana shiga ƴan tsirarrakin da ke shimfiɗe a bangon ƙaramin hanji, masu tsotse ruwa da abinci, ya lalata su. Sai ruwa ya wuce bai shiga jiki ba. Yakan fara da amai da zazzaɓi, sannan zawo mai ruwa ya biyo baya, kuma ya fi tsanani ga yaran da ba su kai shekara 2 ba.

Nijar tana da nata alkaluma. Binciken da cibiyar Epicentre ta yi a Yamai da jihar Maraɗi daga Afrilun 2010 zuwa Maris na 2012 ya sami rotabirus ga kimanin 30 cikin 100 na yaran da aka kawo likita da zawo mai ruwa da ƙarancin ruwan jiki. A ƙasashen Sahel ya fi bazuwa bayan ɗaukewar damina, lokacin ɗari, abin da ya saɓa wa zaton da ake yi cewa zawo ciwon damina ne kawai. An shigar da riga-kafinsa cikin tsarin riga-kafin yara na ƙasa a 2014. A gundumar Madarumfa kuma aka gwada Rotasiil, riga-kafi mai jure zafin rana, ga jarirai fiye da 3500; sakamakon da aka buga a 2017 ya nuna ya rage zawon rotabirus mai tsanani da kusan kashi biyu cikin uku, kuma OMS ta amince da shi a 2018.

Babu maganin da ke kashe rotabirus. Kafson da ake saye a kasuwa, wanda aka yi don bakteriya, ba ya taɓa shi ko kaɗan. Wannan shi ne dalili na farko da ya sa kalmar ƙwayar cuta ita kaɗai ba ta wadatar: idan duk ƙwaya ce, mai sauraro zai zaci magani ɗaya ke kashe su duka.

4.2. Bakteriya

Escherichia coli, mai ɗauke da sunan Theodor Escherich da ya bayyana ta a 1885, galibin jinsunanta zaman lafiya suke yi a hanjin kowa. Kaɗan ne ke cutarwa, kuma wadda ta fi damun yara ita ce mai fitar da dafin da ke sa hanji ya riƙa tsiyayar da ruwa. Tana yaɗuwa cikin abincin da ya kwana a zafi, irin kunu da hura da aka ajiye wa yaro tun safe.

Shigella, wadda Kiyoshi Shiga ya gano a Japan a 1897, ita ce babbar mai kawo atuni ga yara. Tana kutsawa cikin bangon babban hanji ta yi masa gyambo, shi ya sa ake ganin jini da majina. Ƙwayoyi ƙalilan sun isa su kama mutum, saboda haka hannu da ƙuda kaɗai suna iya yaɗa ta cikin gida. A nan maganin kashe bakteriya yana da amfani, amma sai wanda ma'aikacin lafiya ya zaɓa, domin Shigella ta daina jin da yawa daga cikin tsofaffin magunguna, kuma shan su barkatai yana cikin abin da ya jawo haka.

Kwalara kuwa aikin Vibrio cholerae ce. Annobarta ta bakwai ta taso daga Indunusiya a 1961, ta iso Afirka ta yamma a 1970. A 2018 ta ɓulla a Madarumfa cikin watan Yuli, ta kama mutum fiye da 3000 a ƙasar, kuma Ƙonni da Malbaza suna cikin gundumomin da ta shiga. A 2021 waɗanda suka kamu a Nijar sun zarce 5000, jihar Tawa na cikin waɗanda abin ya shafa. Dafinta yana sa hanji ya zubar da ruwa mai kama da ruwan wankin shinkafa, har babba ma yana iya ƙarewa cikin awoyi. Sai dai mu lura da haɗarin sunan amai da zawo: siffa ce da ta dace da rotabirus kamar yadda ta dace da kwalara. Idan rediyo ta ce annobar amai da zawo ta ƙare, uwa na iya fahimtar haɗarin duk wani amai da zawo ya wuce, alhali rotabirus yana nan kowace shekara.

4.3. Parazit

Cryptosporidium an san shi ga dabbobi tun 1907, amma sai a 1976 aka fara ganin sa ga ɗan adam. Yana fita cikin kashi a lulluɓe da ɓawo mai tauri wanda sinadarin kulorin da ake sa wa ruwan sha ba ya fasawa da sauƙi. Tafasa ruwa ita ke kashe shi. Wasu jinsunansa daga mutum zuwa mutum suke bi, wasu daga maruƙa da ƴan tumaki, abin da ya kamata a tuna a yankin da dabbobi ke kwana cikin gida, kuma suke sha a tafkin da ake ɗiba. Yana cikin masu kawo zawo mai daɗewa da tsumburewar yara, kuma ba shi da riga-kafi.

Giardia ta yawaita ƙwarai, amma sau da yawa akan same ta har ga yaran da ba su zawo. Amiba kuwa, wadda sunanta ya zauna a bakin ƴan boko saboda kalmar amibiase, ba ta cika zama sanadin atuni ga ƙananan yara ba. Tun 1993 aka tabbatar da cewa jinsi biyu ne masu kama ɗaya a madubin gwaji: Entamoeba histolytica mai cutarwa, da Entamoeba dispar marar cutarwa. Fassara atuni da amibiase, kamar yadda ake yi a maganar yau da kullum, tana karkatar da hankali daga Shigella. Haka kuma bai dace a fassara parazit da tsutsar ciki ba, domin waɗannan duka ido ba ya ganin su.

5. Zawon haƙora: matsalar mahaɗi

Mu duba waɗannan misalai:

(1) zawon jini
(2) zawon damina
(3) zawon kwalara
(4) zawon haƙora

Ginin ɗaya ne: suna, mahaɗi -n, suna. Amma dangantakar da ke tsakanin sunayen biyu ta bambanta. A (1) suna na biyu yana faɗin abin da ke cikin zawon. A (2) lokacinsa. A (3) sanadinsa. Mahaɗin bai fayyace ko ɗaya ba, mai sauraro ne ke cikewa da abin da ya sani. To a (4) fa? Ana iya karanta shi kamar (2), zawon da ke zuwa lokacin fitar haƙora, ko kamar (3), zawon da haƙora ke kawowa. Karatu na biyu shi ya rinjaya, kamar yadda wannan musaya ke nunawa:

(5) Mi ya samu yaron? Haƙora ne.

A (5) kalmar zawo ta ɓace gaba ɗaya, sanadin da ake zato ya maye gurbin sunan ciwon. Tun da fitar haƙori abu ne da kowane yaro zai bi ta kansa, jimlar tana ɗauke da hukunci a ɓoye: abin zai wuce da kansa.

Iyaye mata ba su yi kuskure wajen lura ba. Gaskiya ne zawo ya fi yawa daga wata 6 zuwa shekara 2, lokacin da haƙora ke fitowa. Amma a daidai wannan lokaci ne kariyar da jariri ya gada daga uwarsa ke raguwa, ake fara ba shi kunu da hura, yake rarrafe, yake kai duk abin da ya tsinta baki don sosa dasashi. Haƙori da zawo abokan tafiya ne, ƙwayar cuta ce ke haddasa zawon. Wato karatu na (2) shi ne daidai.

Irin wannan ne ke faruwa da zawon da ake ɗora wa nonon uwa mai ciki. Inda aka ɗauka nonon ya ɓaci, sai a yaye yaro rana ɗaya, wani lokaci a kai shi wurin kakarsa. Nonon mai ciki ba ya cutar da yaro. Yayen gaggawa ne ke raba shi da abinci mafi tsabta da kariya, ya bar shi da abincin da ƙwayoyi ke iya shiga. Haka nan faɗawar maɗiga, wadda akan ɗauka ciwo ne na dabam har a shafa mata magani a ka, alama ce ta ƙarewar ruwan jiki, tare da zurmawar ido, bushewar baki, da fatar ciki da ba ta komawa da sauri idan an tsunkule ta.

6. Shawarwari ga masu fassara

Daga abin da ya gabata muna ba da shawarwari huɗu.

Na farko, a riƙe zawo a matsayin babbar kalma ga wannan yanki, a riƙe atuni ga zawo mai jini, a kuma yi amfani da zawo mai daɗewa ga kaso na uku tare da faɗin adadin kwanakin. A ce kwalara idan ita ake nufi, a daina sakaya ta da amai da zawo.

Na biyu, kada a yi jayayya da kalmar haƙora, domin saƙon da ya ƙaryata abin da uwa ta gani da idonta ba ya shiga. A fayyace mahaɗin kawai: «Zawon lokacin haƙora ma zawo ne, yana ƙarar da ruwan jikin yaro.»

Na uku, a bambanta tsayar da zawo da mayar da ruwa. Haɗin gishiri da sukari na ƙunshi, wanda ma'aikata ke kira SRO, ana narkar da shi cikin adadin tsabtataccen ruwan da aka rubuta a jikin ƙunshin. Aikinsa ya dogara ga wata hanya ta hanji da ke shigar da gishiri tare da sukari, ruwa ya bi su, kuma wannan hanya tana ci gaba da aiki ko da ana zawo. An ga ƙarfinsa a sansanonin ƴan gudun hijirar Bangaladash a 1971, a hannun likita Dilip Mahalanabis. Amma ba ya tsayar da zawo nan take. Idan aka kira shi maganin zawo, uwa za ta jira tsayawar zawon, in ba ta gani ba ta ce bai yi ba, ta koma ga mai tallar kafso. Ruwan mayar da ƙarfi ko ruwan cike gurbin wanda ya zuba sun fi kusa da gaskiya. Tun 2004 OMS da UNICEF suka ƙara da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14, wadda ke rage tsawon zawon da tsananinsa, tare da ci gaba da shayarwa da ciyarwa.

Na huɗu, riga-kafin rotabirus ɗigo ne a baki, saboda haka allurar riga-kafi ba ta dace da shi ba. Amma in an ce ɗigo kawai, za a haɗa shi da na shan inna, wanda shi mutane suka fi sani. Ɗigon riga-kafin zawo ya fi, tare da bayanin cewa ƙwaya ɗaya yake tarewa daga cikin masu yawa. In ba a faɗi haka ba, ranar da yaron da aka ɗiga wa ya kamu da Shigella, za a ce riga-kafin ƙarya ne.

7. Kammalawa

Mun ga hausar wannan yanki tana da wadatar kalmomi wajen siffanta zawo, tana da ƙarancinsu wajen sunayen ƙwayoyin da ke haddasa shi, kuma mahaɗin -n yana barin ƙofa a buɗe tsakanin lokaci da sanadi. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta ɗauki matakin kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta, kuma yankin yana da likitocin gunduma da asibitin Galmi da aka buɗe a 1950. Amma kafin a kai yaro ɗaya daga cikinsu, sai an fara kiran ciwonsa da sunan da ke sa a tashi. Aikin da ya rage ga ɗalibanmu shi ne tattara waɗannan sunaye gari-gari, daga Tsarnawa zuwa Dogarawa da Badagishiri, daga bakin iyaye mata, ungozomomi da wanzamai, a rubuta su da karin sautinsu da tsawon wasulansu, a kuma gwada kowace jimlar saƙo ga masu sauraro kafin a buga ta.